Bel Ɗin da Aka Hana Yankawa

Duk mai hawa bene da igiya ya san dokar: bel ɗin kariya in ya tsufa, wuƙa ake sa masa, don kada wani ya tsinta ya ɗaura. Wani mai fenti ya san haka sarai, amma ya gaji da lilo a bangon mutane, sai ya nufi wurin boka da rana tsaka.

Ɗakin duhu ƙirin, ƙarnin jini ya danne turare, ga wata ƙwarya rufe da jan ƙyalle tana motsi ita kaɗai. Boka ya tsoma bel-bel ɗin da ya sa shi ya kawo a cikinta.

"Kwangila za ta bi ka har gado," in ji boka. "Amma waɗannan ba a yankawa, ba a ajiyewa."

"In sun ruɓe fa?"

"Na ce kai za ka ɗaura?"

Wallahi ya gane, kuma ya amsa.

Arziki ya zo kamar da bakin ƙwarya. Bel-bel ɗin kuwa rana ta cinye su, fenti ya busar da su ƙamas, ɗinki ya zare, ƙugiya ta yi tsatsa. Ɗaya daga cikin ma'aikatan da ya ɗauka ya faɗo, aka ce kwana ya ƙare. Wani ya bi shi. Bayan kowace gawa sai sabuwar kwangila. Matarsa ta fara toshe kunne tana ihu, wai mutane na faɗowa a tsakar gida.

Ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke shugabantar aikin. Ya ɗaga bel ɗaya ya ce, "Yaya, wannan ko akuya ba na ɗaurewa da shi. Kawo wuƙa."

Tsoro ya kama mai fentin. Ya fizge, ya sayo masa sabo dal. "Naka ne kai kaɗai, ka ji ko?"

Da ya zo wurin aiki ya ɗaga kai, sai ya hango sabon a jikin wani. Ashe ƙanin ya ba wanda matarsa ta haihu, yana tsokanarsa wai angon ƙarni ba ya hawa da tsumma. Shi kuwa ƙanin ya ɗaura tsohon.

"Sauko!" ya ƙwalla. "Sauko, na ce!"

Ƙanin ya saki ƙarfen da yake riƙe da shi, ya jingina nauyinsa a kan bel don ya ji me Yaya ke cewa. Bel ya tsinke.

Yanzu mai fentin yana yawo a tsumma, ba ya iya ɗaga kai ya dubi sama. Kai mai kwaɗayi, ka sani: boka ba ya tambayar gawar wa aka kawo masa.