Tsohon da Aka Rage wa Hanya

Magariba ta kawo jiki, Ummu Salma tana tuƙa tuwo a ɗan kicin ɗinsu da ke can saman bene a Guangzhou, sai ta ji tsakuwa ta faɗo a falo. Ta leƙa. Tagogi a rufe suke, ƙasa kuwa tana can nesa, babu hannun da zai kawo jifa nan. Ta ɗauki tsakuwar, ta ji ta a jiƙe, tana ƙarnin teku. Kafin ta miƙe wata ta faɗo. A baranda, inda keken mijinta yake rataye, ƙafar baya tana juyawa a hankali, ba kowa kusa da ita.

Mijin, Abdulgafar, tufafi yake sarowa a kasuwar Shisanhang yana aika wa ƙaninsa Sabiru a Kano. Likita ne ya ce ya riƙa motsa jiki saboda ciwon sukari, shi kuwa irin mutanen nan ne marasa tsaka-tsaki. Sai ga shi ya bi maƙwabtansa 'yan China doguwar tafiya a kan keke, suna bin gaɓar teku gari bayan gari, mutum da furfurarsa cikin ɗamammen wando. Tun da ya dawo bakinsa bai huta ba. Kullum zancen wani tsohon gari: lunguna masu ƙunci, gidajen da aka gina bangonsu da ɓawon kawar teku, kufan masallaci babu rufi, da kaburburan fatake masu rubutun Larabci wanda iska ta cinye rabinsa.

Jifan bai tsaya ba. Kullum rana ta faɗi sai tsakuwa ta sauka, gidan ya yi tsit, har ƙarar titi ta zama kamar daga wata duniya. Sannan abin ya koma kan 'yarsu Mas'uda, wadda ke karatu a jami'a. Ta daina fita, ta daina cin abinci. Sai ta zauna bakin ƙofa, hannuwa a kan gwiwa, zaman fasinja a tasha. In uwarta ta taɓa ta, sai ta ɗago ido ta tambaya da muryar tsoho ko iska ta juya. An kai ta asibiti, an yi hoto, an ɗibi jini, likita ya girgiza kai ya ce bai ga komai ba. Yarinya kuwa tana ta zubewa a gaban idonsu.

Malam Kallamu mutumin Damagaram ne, yana harkar aika kaya ta jirgin sama a filin jirgin Baiyun, kuma mahaddaci ne da ba ya son a yayata shi. Shi aka kira. Ya zo bayan la'asar, ya sa aka kashe fanka, ya zauna nesa kaɗan da yarinyar yana karatu. Ya daɗe yana yi. Hasken taga ya yi ja, ya dushe. Can Mas'uda ta toshe kunne, ta yi wani dogon nishi.

"Bawan Allah, me ya kawo ka gidan mutane?" in ji Malam.

"Ni ba ɓarawo ba ne," muryar ta amsa. "Ɗauko ni aka yi. Tambayi mai keken."

Malam ya juya. Abdulgafar ya yi ta muzurai, sannan ya faɗi abin da bai taɓa sawa cikin labarinsa ba. A tsohon garin nan, dab da magariba, ya rabu da abokan tafiyarsa ya gangara tsohuwar matsayar jiragen ruwa don ɗaukar hoto. Ya tarar da wani dattijo zaune a kan dutse yana kallon teku. Bakinsa ya riga shi yin sallama, dattijon kuma ya amsa ta cikakkiya. Daɗi ya kama shi, ga Musulmi a wannan uwa duniya, sai ya buga kujerar baya ya ce da shi ya hau a rage masa hanya, kamar dai yana unguwar Kurna a Kano. Da ya waiga babu kowa. Ya ɗauka tsohon ya shige lungu ne. Nauyin da keken ya yi har gida kuwa, ya ɗora wa gwiwoyinsa laifi.

Ummu Salma ta dube shi, kallon da ya fi zagi.

Muryar ta ce da jirgin fatake ta zo, tun garin yana cike da jirage masu filafilai. Jirgin ya tafi ya bar ta. Tun daga nan take zaune, kowa ya wuce ta ba magana, sai wannan mutum. Malam ya ce to a mayar da ita kan dutsenta. Ta yi dariya, ta ce ta gama zaman dutse. Ya ƙara karatu, ta yi kuka ta bakin yarinyar har jijiyoyin wuya suka fito, amma ba ta saki ba. Jirgi take so. Ta ji ana zancen kwantenar maigidan da za ta tashi daga tashar jiragen ruwa ta Nansha. A sa keken a ciki, ta hau abinta, in ta hango gaɓar garinsu ta sauka.

"In ba ka gane gaɓar ba fa?" Malam ya tambaya. "Duniya ta sauya."

"Sai in sauka inda aka buɗe ƙofa."

Malam Kallamu ya ce da Abdulgafar ya yi tunani, don ya san inda ake buɗe ƙofar. Abdulgafar ya kalli wuyan 'yarsa da ya koma kamar sillen kara. Ya ce ya yarda.

Malam ya sa muryar ta yi rantsuwa. Mas'uda ta yi atishawa, ta kife. Da ta farfaɗo, da muryarta ta kira Ummanta ta ce yunwa take ji.

Aka tura keken tsakanin dilolin kaya, aka garƙame. Abdulgafar bai gaya wa Sabiru komai ba. Kullum sai ya ce gobe, yana lallashin kansa cewa teku faɗi gare ta, gaɓa kuma ba ta ƙirguwa, tsohon zai gane tasa. Watanni suka shige. Ran da ya ji kaya sun iso Kano, sai ƙarfin hali ya zo masa, ya kira don ya ce kada a buɗe sai an samo malamai.

"Ai tun safe muka sauke, Yaya," in ji Sabiru. "Keke kuma yara sun gode. Amma ba ka ce mini kana da baƙo ba. Wani dattijo na tarar a ƙofar sito, ya ce tare da kayanka yake. Na ga magariba ta yi, sai na taho da shi gida. Ga shi nan ana yi masa shimfiɗa."