Ƙishirwar Manuil

"Tekla... ba ni ruwa."

Tulun ya suɓuce daga hannunta ya tarwatse a bakin rijiya. Ba ta waiwaya ba, ta san babu kowa a bayanta sai tattabarun da ke ramukan dutse. Shekara uku cif tana jin muryar nan, kullum da rana tsaka, kullum a bakin ruwa. Muryar yayanta Manuil ce, wanda ke kwance a maƙabartar bayan coci.

"Tulu na nawa ke nan a bana? In na aure ki sai na koyi ginin tukwane."

Wannan kam muryar mai rai ce. Sungur ne, Baturken makiyayin nan da danginsa ke kafa tantuna a gindin kwarinsu duk bazara, yana riƙe da linzamin dokinsa.

"Ban da wasa yau, Sungur."

Ya dube ta, dariyar ta bar fuskarsa. "Ya sake kiran ki?"

Ta gyaɗa kai. "Anjima za a tono shi."

Haka Rumawan ƙauyen, Kiristoci, suka gada. In mamaci ya cika shekara uku sai a buɗe kabarinsa, dangi su wanke ƙasusuwan, a jera su a ɗakin ƙarƙashin coci tare da na kakanni. In sun fito fari tas, ƙasa ta karɓe shi, ya huta. In kuwa jiki ya ƙi narkewa, to ran mamacin a ɗaure yake, jininsa na kan wani.

Manuil ya mutu ne a hanyar tafkin gishiri, inda ya je fatauci da alfadarai. Ɗan kawunsu Leontiyos, wanda suka tafi tare, ya dawo shi kaɗai a guje ya ce 'yan fashi sun tare su. Bayan kwana huɗu Sungur ya iso da gawar a kan dokinsa, shi yana tafe a ƙasa, ƙafafunsa sun kumbura suntum. Shekarar annoba ce, limamin coci ya hana a kwance bargon da aka naɗe shi, fuska kawai aka buɗe wa uwarsa. Ba a yi wata guda ba labarin Leontiyos ya sauya, ya ce yanzu ya tuna, ya hango Baturken ya soki Manuil ta baya. Duk ƙauyen sun san Leontiyos ya daɗe yana son Tekla, amma uwar da ta rasa ɗa ba ta tsayawa auna irin wannan.

Inna Evdokiya, mahaifiyarsu, ta durƙusa gaban hoton Maryamu ta rantse: in ƙasa ta karɓi ɗanta, Tekla ta auri Baturkenta. In ƙasa ta ƙi, babu aure har abada.

Sharaɗin nan ne Tekla ba ta taɓa iya faɗa wa Sungur ba. Da wane baki za ta ce masa ƙashi ake jira ya wanke shi? Ta dai ce masa Inna ta ce sai ranar tono.

"Gobe da hantsi za mu tashi," in ji Sungur. "Mayaƙan Tatar sun ƙone garuruwa biyu a gabas. Kakana ya ce yamma za mu yi, kuma ba dawowa."

"Ni fa?"

"Ya ce in za ki biyo mu, ki zo da albarkar mahaifiyarki. Ba ma ɗaukar 'yar mutane kamar akuyar sata." Ya sassauta murya. "Hasken idona, me kike tsoro? Na kula da ɗan'uwanki yadda zan kula da nawa. Ba za ku ji kunya ba."

Ta so ta tambaye shi me yake nufi, sai aka buga katakon coci ana kiran jama'a.

Mata sun kewaye kabarin cikin baƙaƙen kaya, kowace da kyandir, ga akushin dafaffiyar alkama da zuma na sadaka a gefe. Sungur ya tsaya can bayan katanga, inda bare ke tsayawa. Leontiyos ne ke haƙa, yana yi yana satar kallon Tekla.

"Gwaggo, ki daure," ya ce. "Ko me aka gani, ni ina nan."

Inna Evdokiya ta rungume tulun wanka a ƙirjinta, ga farin ƙyallen da ta yi shekara uku tana saƙawa don naɗe ƙashin.

Shebur ya taɓa wani abu mai tauri. Maimakon ruɓaɓɓun zare, bargon ya fito sumul, ya sandare kamar fata. Maza huɗu suka ɗago shi da ƙyar. Limamin ya duƙa ya yaye bakinsa.

Manuil ne.

Ya bushe, ya yi duhu, amma shi ne. Gashinsa na nan, gashin girarsa na nan, har tabon da tsohon alfadarinsu ya yi masa a haɓa. Leɓunansa a ɗan buɗe suke, irin na mai jiran a miƙo masa moɗa.

Mata suka ja da baya suna alamar giciye, wata tsohuwa ta rufe idon jikarta. Cikin shirun nan aka ji murya daga bayan katanga, cike da farin ciki.

"Alhamdu lillahi."

Kowa ya juya. Sungur ya ɗaga hannuwa sama, hawaye na bin kumatunsa, yana murmushi.

"Kun gani?" Leontiyos ya jefar da shebur. "Dariya yake yi! Ya kashe shi, ya ɗaure masa rai, yanzu yana yi mana dariya. Gwaggo, me kike jira?"

Samari suka fara tsintar duwatsu. Tekla ba ta san lokacin da ta ratsa su ba, sai ganin ta aka yi a gabansa ta ba su baya.

"Murnar me kake yi?" in ji ta. "Sungur, don Allah, murnar me?"

"Ƙasa ba ta ci shi ba, Tekla. A wurinmu sai bawan Allah na gari..." Ya dubi fuskokin da ke kewaye da shi. "Ba abin da kuke fata ke nan ba?"

"A wurinmu tsinuwa ce. Inna ta rantse, in bai narke ba, ni da kai shi ke nan."

Ya daɗe yana kallon ta. "Shekara uku, ba ki faɗa mini ba?"

"Kunya ta hana ni."

Ya tsallake katangar a hankali, hannuwansa a buɗe, ya durƙusa nesa da tsohuwar.

"Uwar Manuil, laifin nawa ne, amma ba wanda ake faɗa ba. A bakin tafki na tsince shi, shi kaɗai, da sauran numfashi. Ruwa ya roƙe ni, salkata kuwa ta ƙafe tun safe. Da ya cika na duba, tafiyar kwana huɗu ce cikin zafin nan. Na ce uwarsa ba za ta karɓi abin da ba ta iya kallo ba. Sai na shimfiɗa bargona na cika shi da gishiri, na naɗe shi. Haka muke kai namu gida."

"Ƙarya yake!" in ji Leontiyos.

Inna Evdokiya ta ajiye tulun. Ta ja gwiwa zuwa gawar, ta kankare farin abin da ya daskare a cikin bargon, ta kai bakin harshenta. Ta rufe ido.

"Ranar da aka kawo shi na sumbaci goshinsa," ta ce, kamar da kanta take magana. "Fuskarsa lafiya lau, kamar mai barci. Na ce mu'ujiza ce. Na ji gishiri a bakina, na ɗauka hawayena ne."

Ta ci gaba da kwance bargon. Limamin ya miƙa hannu zai hana ta, ta dube shi sau ɗaya ya janye. A ƙirjin Manuil, ta gaba, an ɗaure wata shuɗiyar ɗamara tamau, an yi mata ƙulli uku. Da ta warware, ga guntun kibiya ya karye a cikin ƙirjin. Ta sa aka juya Manuil. Bayansa babu ko ƙwarzane.

"Wannan ɗamarar saƙar gidana ce," ta ce. "Na neme ta na rasa."

"Ni na ba Sungur, Inna," in ji Tekla da ƙaramar murya. "Kafin tafiyar."

"Na sani. Ɗinkin gefen nan karkatacce, ba mai yin sa sai ke." Ta ɗago ta dubi ɗan ɗan'uwanta. "Leontiyos, ta baya ka ce?"

"Gwaggo, da nisa ne, ga ƙura..."

"Da nisa kam. Kana gudu, shi yana kiran ruwa."

Babu wanda ya jefe shi, hanya kawai aka buɗe masa. Ya fice, duwatsun da samari suka tsinta suka zube ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Limamin ya yi gyaran murya. "Evdokiya, rantsuwa tana nan. Ƙasa ba ta karɓe shi ba. Sai an wanke shi, a mayar, a sake jiran shekara uku."

Shekara uku, su kuwa gobe da hantsi. Tekla ta dubi Sungur tana so ta ce masa ya tafi, ya bi danginsa.

Shi kuwa can ƙasan kwari yake kallo, inda aka riga aka fara kwance tantuna, raƙuma na durƙushe ana ɗora musu kaya. Can uwarsa take, da ƙannensa, da duk mai jin yarensa a duniya. Ya kalla har ya gaji, sannan ya juyo.

"Ni na hana ƙasa aikinta," ya ce. "Zan tsaya in ga ta gama. In akwai mai neman makiyayi a ƙauyen nan, ga ni."

"Sungur, ba za ka sake ganin su ba."

"Na sani, 'yar kurciyata. Kada ki sa in sake kallon wajen."

Ya miƙe zai koma bayan katanga, don ya san bare ba ya taɓa mamaci a wurin wanka.

"Ina za ka?"

Inna Evdokiya ce. Ta ɗauko tulun da hannu biyu, ta miƙa masa.

"Kai ya roƙa, ɗana. Zo ka ba shi."

Sungur ya durƙusa ya karkata tulun. Ruwan ya bi goshin Manuil, ya gangara kan busassun leɓunan, gishirin na narkewa yana shiga ƙasa. Tekla ta tallafi kan yayanta, ta kasa kunne tana jira.

Sai kukan tattabaru kawai take ji.