Ranar da Darakta Ta Taka Ciyawa

Ranar Asabar da hantsi falon Mama ya kaure da dariya. Auta na tsaye a tsakiyar kafet da kofin shayi a hannu, yana nuna yadda ya yanke masu tsaron baya uku a wasan gwaji, har shayin ya fantsama a labule.

"Kai Auta, labulena!" in ji Mama, amma bakinta ya ƙi rufuwa.

"Mama, bar labule! Koci da kansa ya ce yana so na. Saura medikal, gwajin likita, ranar Talata, sai Anti ta sa hannu, shi ke nan ɗanki ya zama ɗan babban kulob!"

Duk suka juya suka dubi Antin. Ita ce matar Malam, babban ɗan Mama, shekararsu huɗu da aure, kuma ita ce shugabar gudanarwa ta kulob ɗin ƙwallon ƙafa da garin duka ke mutuwa a kansa. Kowa Darakta yake ce mata. Mutane da yawa sun ɗauka ita ke zaɓen 'yan wasa sha ɗaya, alhali aikinta na ofis ne: kamfanonin da ke sa sunansu a riga, hayar fili, tikiti, motar tafiya, masauki, da kwantiragin kowa tun daga koci har mai yankan ciyawa. Tana da doka guda da ma'aikata suka haddace kamar karatu. "Ofis nawa ne, ciyawa ta koci ce." Shekara uku tana kan kujerar, ko sau ɗaya ƙafarta ba ta taɓa taka cikin fili ba.

"Koci ya zaɓe ka da ƙafarka, ba da ni ba," ta ce tana murmushi. "In likita ya ce lafiya, alƙalamina a shirye yake."

"Allah Ya yi miki albarka, 'yata," Mama ta ce tana dafa kafaɗarta. Malam kuwa kallon matarsa kawai yake yi, irin kallon da ke sa Auta ya yi tarin ƙarya don ya tuna musu akwai mutane a ɗakin.

Ranar Laraba likitan kulob ya shigo ofishinta ba tare da raharsa ta kullum ba. Ya ajiye fayil, ya rufe ƙofa.

"Darakta, sau biyu na maimaita hoton ƙirjin Auta. Tsokar zuciyarsa ta yi kauri. Zai iya rayuwa har tsufa in ya bi magani, amma gudun minti casa'in zai iya tsayar da ita nan take."

Ta daɗe tana kallon takardar. Ta san dokar aikinta: sakamakon likita na ɗan wasa ne, ba ya fita daga ofis sai da izininsa, ko da uwarsa ce ke tambaya. Ta sa aka kira Auta. Ya shigo da fara'arsa, likita ya yi masa bayani, fara'ar ta zube.

"Ƙarya ne! Ni da nake gudu tun ina shekara bakwai? Anti, don Allah ki sa hannu kawai. Wa zai sani?"

"Ni zan sani."

"Koci yana so na fa!"

"Koci ƙafarka ya gani. Ni an nuna mini zuciyarka. Ba zan sa hannu ba, Auta."

Ya zauna ya haɗa kai da gwiwa, ƙaton saurayi mai shekara ashirin da biyu yana kuka kamar yaro. Da ya ɗago sai ya ce, "To kar ki faɗa wa Mama. Kar ki faɗa wa Yaya. Hawan jininta zai tashi, kuma kowa zai riƙa kallona kamar gawa. Ki yi mini alkawari."

"Sirrinka ne, kai za ka faɗa da bakinka, kuma gara ka faɗa da wuri. Zan riƙe maka. Amma da sharaɗi: ranar da ka ɗaura takalmi ka shiga fili, ranar alkawarin ya warware."

"Na yarda," ya ce, ba tare da ya dube ta ba.

Abin da Auta ya kai gida kalma uku ce: "Anti ta ƙi." Bai ƙara ba, bai rage ba. Kafin la'asar Mama ta aiko a kira Darakta da mijinta.

Wannan karon babu shayi. Mama na zaune a kujerarta ta kusa da taga, fuska a murtuke.

"Koci ya ce yana son yaron nan?"

"Ya ce, Mama."

"To wa ya hana?"

"Ni ce."

"Ke!" Mama ta tafa hannu. "Ke da na ɗauka 'ya! Me ya yi miki? Ko tsoro kike kar a ce kin ɗauki ƙanin miji, kujerarki ta girgiza? Kin zaɓi kujera kin zubar da jinin mijinki!"

"Mama, ki yi haƙuri. Akwai dalili, amma ba ni da ikon faɗa."

"Ji mini! Dalilin da ba a faɗa wa uwa!" Ta juya ga Auta, shi kuwa ya kafa wa kafet ido kamar yau ya fara ganinsa. Sai ta koma kan Malam. "Babba, ɗauke matarka. Kar in ƙara ganin ƙafarta a gidan nan. Kuma ka zauna ka yi tunani, ko macen da ta iya yi wa ƙaninka haka ita ce za ka ƙare rayuwa da ita."

Malam ya ja mota suka tafi. Sai da suka shiga gida Malam ya tsaya a bakin kicin, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Ni ma ba za ki faɗa mini ba?"

"Malamina, ba sirrina ba ne. Ka tambayi Auta."

"Na tambaye shi. Ya ce ke kika ƙi."

"To gaskiya ya faɗa, sai dai bai ƙarasa ba."

"Shekara huɗu ban taɓa ɓoye miki ko saƙon waya ba."

"Na sani." Hawayen da ta danne a gaban Mama suka zubo. "Abu ɗaya nake roƙo, ka yarda da ni ko ba ka gane ba."

Ya shige ɗakin karatunsa ya zauna a gaban takardun ɗalibai.

Mako uku gidan ya yi sanyi. Gaisuwa ce kawai ke haɗa su, sai "an dawo lafiya?" Dangi suka samu abin taunawa. Wata gwaggo ta bugo waya ta ce dama mace in ta hau kujera sai ta manta ƙasa. Darakta kan wuni tana rarrashin kamfanoni da masu fili, ta dawo ta tarar da mutum guda da ta kasa rarrashi. Ta ji zafi ƙwarai, kuma ta ji tsoro, don ta san Mama na kiran Malam kullum, ta kuma san abin da ake ce masa. Abu ɗaya ne ya riƙe ta. Tun da suka yi aure, Malam ne ke haɗa mata shayi a filas ya ajiye a kujerar motarta kafin ya tafi makaranta. Duk tsawon fushin nan, ba a yi safiyar da ta buɗe mota ba ta tarar da filas ɗin ba. Takan rungume shi ta gode wa Allah, sannan ta tada mota.

Kullum kuma sai ta tura wa Auta saƙo: ka je wurin likita, ka faɗa musu. Yana karantawa, ba ya amsawa.

Ranar wata Alhamis tana tsakiyar mitin da wakilan kamfanin da ta yi wata shida tana bi don su sa sunansu a rigar kulob. An kawo takardu, saura sa hannu. Sai Koci ya leƙo ya yafito ta.

"Darakta, na ga ya kamata ki sani. Wani ƙaramin kulob a bayan gari zai gwada Auta yau ƙarfe huɗu. Su ba ruwansu da medikal, in ka iya gudu ka shiga."

Ta dubi agogo. Uku da kwata. Ta koma ta ce wa baƙin, "Ku gafarce ni, rai ne a gabana. In kun jira na gode, in kun tafi na fahimta." Ta kira likita ta ce ya biyo ta da motar asibitin kulob. Daga nan ta wuce makarantar Malam, ta same shi yana fitowa daga aji da alli a hannu.

"Shiga mota."

"Lafiya?"

"Ka ce in faɗa maka. Yau za ka ji."

Filin ba shi da katanga, sai waya da ta sha tsatsa da benci biyu. An yi ban ruwa da rana, ƙasa ta jiƙe. 'Yan wasa sun jeru, alƙalin wasa ya kai usur baki, ga Auta a tsakiya da ƙafa a kan ƙwallo. Darakta ta ɗaga waya ta shiga. Takalminta mai tsini ya nutse a laka, dunduniyar ɗaya ta karye, ta ci gaba da tafiya tana ɗingishi. Likita da direban da suka san dokarta suka saki baki.

"Madam, fita mana, za mu fara!" alƙalin wasa ya daka tsawa.

Ba ta ko kalle shi ba. Ta sunkuya ta ɗauke ƙwallon daga ƙarƙashin ƙafar Auta, ta rungume.

"Ka ɗaura takalmi, Auta. Alkawari ya warware. Ga yayanka nan. Kai za ka faɗa ko ni?"

"Anti, sori, minti ashirin kawai zan yi..."

"Kai ko ni?"

Auta ya dubi yayansa, ya dubi motar asibitin da ke tsaye a bakin waya. Ya durƙusa a laka.

"Yaya, zuciyata ce. Likita ya ce in na buga za ta iya tsayawa. Ni na roƙe ta ta yi shiru. Na bari aka zage ta mako uku, ina ji ina gani."

Allin da ke hannun Malam ya faɗi. Ya ɗago ƙaninsa ya ƙanƙame shi, sannan ya juyo ga matarsa da idanu jawur.

"Kin sha wannan duka ke kaɗai?"

"Ba ni kaɗai ba," ta ce tana dariya cikin kuka. "Akwai filas."

Kai tsaye gidan Mama suka wuce da likita. Darakta ta tsaya a bakin ƙofa, tunda an hana ta shiga. Daga nan ta ji Auta na ba da labari, ta ji likita na cewa irin ciwon nan yakan bi jini. Can ta ji muryar Mama.

"Babansu... Yana tura mota a ƙofar gidan nan ya faɗi. Shekararsa arba'in da biyu, ko ciwon kai ba ya yi. Ba mu taɓa sanin dalili ba."

Mama ta fito ba mayafi ba takalmi. Ta tsaya tana kallon surukarta, ga laka har idon sawu, ga takalmi ɗaya a hannu. Ta kama hannayenta biyu.

"'Yata, na kore ki daga gidana, ke kuma kina tsare mini ɗa. Da kin sa hannun nan don ki faranta mini, da ni da kaina na tura shi inda babansa ya tafi. Ki yafe mini."

"Mama, wallahi ban riƙe ki ba. Uwa ce ke faɗa don ɗanta."

"Shigo gidanki," in ji Mama, ta janyo ta ciki da lakar da komai, a kan kafet ɗin da ba a taka mata da takalmi.

Wakilan kamfanin ba su jira ba ranar, amma da labarin ya kai musu sai suka dawo da kansu bayan mako guda. An duba Malam, aka samu zuciyarsa lafiya lau, ko da yake ya ce shi ya san ta daɗe da barin ƙirjinsa ta koma wurin wata. Auta ya kama magani, ya yi kukansa ya gama, ya shiga kwas na horar da 'yan wasa. Bayan shekara Koci ya zaɓe shi mataimaki a ƙungiyar matasa, aka kawo kwantiragin teburin Darakta. Ta karanta takardar likita tukuna, layi-layi, sannan ta sa hannu.

Ranar Mama ta zo ofis a karon farko, da leda a hannu. A ciki akwai takalmin nan, an kai wa mai gyara ya mayar da dunduniyar, an goge shi yana ƙyalli.

"Ajiye shi a nan kusa da ke," ta ce. "Ko Allah zai sa wata uwar ta buƙaci ki sake taka ciyawa."

Don haka, masu karatu, ba duk wanda ya ce maka a'a ne maƙiyinka ba, wani ƙauna ce ta hana shi cewa to. Mai riƙon amana yakan sha zagi kafin a gode masa, amma mahaƙurci mawadaci. Har yau takalmin na nan a ƙasan teburin Darakta, filas ɗin Malam kuma na bisa.