Ɗigo Uku a Sandar Taya

Ina shirin rufe shago da daddare, wani ya turo babur, hular kwano ta rufe masa fuska.

"Malam, duba min sandar tayar baya."

Na zaro ta. Sanyinta ya ratsa min ƙashi, kuma a karye take gida biyu. Na haska fitila, sai ga ɗigo ukun da nake bugawa a duk sandar da na fere da hannuna. Wannan ƙanena na yi wa, kwana biyar kafin hatsarin da ya kashe shi.

Na dubi garin ƙarfen da ke ƙasa. Babu sawun kowa sai nawa.

"Yaya," ya ce a hankali, "ka fere ta da yawa."