Abin da Ke Bayan Ɗigo

Gab da magariba na koma ofis in gyara gwaji ɗaya tak. Manhajarmu tana ƙirga mutanen da ke ɗakin na'urori. Idan ta ga babu kowa, sai ta kashe wuta, ta tsayar da iska, ta kulle ƙofar ƙarfe har Litinin. Gwajin yana jiran cikakkiyar lamba, 1. Na'urar bango da ke auno mutanen kuwa lamba mai ɗigo take bayarwa: yau 1.0, gobe 1.3. Kullum sai gwajin ya faɗi.

Mai gwaje-gwajenmu, wadda ban ga abin da ta iya ba sai tsoro, ta tare ni a matakala.

"Yaya, kar ka yanke abin da ke bayan ɗigon nan. Mu fara sanin daga ina yake."

"Kin taɓa ganin sulusin mutum? Je ki gida, ƙanwata."

Ji mini rainin wayo! Shekara goma ina wannan aiki, wai ita za ta koya mini. Layi ɗaya na rubuta a manhajar: a mayar da kowace lamba cikakkiya, a zubar da ragowa. Gwaji ya wuce sumul. Na shiga ɗakin na'urorin, na ɗora gyaran a kan na'urar ɗakin ina taɓe baki.

Sai warin jiƙaƙƙiyar toka ya cika ɗakin.

Na dubi ɗanyar lambar a allo, wadda ba a yanke ba tukuna. 1.3. Ni kaɗai ne fa.

Kujerar bayana ta yi ƙiii.

"Ragowa ka kira ni," in ji wata murya ƙasa-ƙasa, dab da kunnena. "To, zan tafi. Amma ba hannu rabbana ba."

Wani sanyi ya ratsa ƙirjina, ya zare wani abu.

1.0.

0.9.

Layin da na rubuta ya yi aikinsa. Ya zubar da ragowa: sifili.

Wuta ta ɗauke. Fanka ta mutu. Ƙofa ta soma jan kanta.

Na zabura, na kutsa da kafaɗa. Ƙarfen ya cafke rigata, na bar masa ita.

Ran Litinin na goge layin, ban ce wa kowa uffan ba. Amma duk sanda na shiga ɗakin, 0.9 na'urar take nunawa.

Jiya ƙaramar 'yata tana ƙirga mu da yatsa a kan tabarma. Ta ƙirga uwarta, ta ƙirga yayanta. Yatsan ya wuce ta kaina, bai tsaya ba.