Kumfar da Hairiyah Ta Kwashe

Da ƙarfi Hairiyah ta dire bokitin a gabansa, har ruwan ya fantsama a kan katakon barandar.

"Ga kifinka."

Rahmadi ya ɗago daga kwanon shinkafarsa. Mamansa tana gefe tana jera kifi a faifai za ta shanya, maƙwabta mata biyu suna taya ta hira.

"Ading... lafiya?"

"Kar ka ƙara kirana ƙanwarka. Leƙa ka gani."

Ya leƙa. Namijin kifin sapat ɗin yana ta zagaye bokitin, ƙirjinsa ja wur kamar garwashi, gadon bayansa ya yi duhu. Macen tana gefe a karkace, jelarta duk a yage, da ƙyar take motsa baki. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya tambaya a hankali:

"Kin taɓa ganin kumfa a saman ruwan?"

"Kullum safiya sai na kwashe ta. Ni ba ƙazama ba ce."

Ya runtse ido. Da Hairiyah ta ba shi ko da minti ɗaya, da babu wannan labarin. Amma ina, zuciya ta riga ta ɗebe ta.

"Na ga yadda kifin naka yake yi wa matarsa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, Yaya Madi. Ba zan zauna a yi min abin da Abanka ya yi wa Mama ba, a karya min hannu a ce wai a kwalekwale na faɗi."

Faifan ya suɓuce daga hannun tsohuwar. Maƙwabtan nan biyu suka zuba ido a kan hannunta na hagu, hannun da shekara ashirin duk unguwar Kuin ta ɗauka hatsarin ruwa ne ya lanƙwasa shi.

Hairiyah ta zare zoben alkawarinsu, ta ajiye a bakin bokitin, ta sauka.

Kar ku yi saurin tsine mata, don yarinyar ta so shi so na gaske. Shekara uku tana kai ruwa rana da mahaifinta a kansa. Abah ba ya ƙaunar jin sunan Rahmadi. Cewa yake yi, kifin da duk birnin Banjarmasin ke barbaɗa wa gishiri a shanya a ci da shinkafa, shi wannan shashashan yake gina wa gidan gilashi yana zuba masa ido, to wace irin sana'a ce wannan? Da ƙyar da siɗin goshi ya bari aka sa zobe.

Ranar ne Rahmadi ya kawo mata akwatin gilashi da sapat biyu masu ɗigo-ɗigon fari kamar an yayyafa musu lu'ulu'u. Ya ce ta riƙa kallonsu idan ta yi kewarsa, don aiki zai yi masa yawa kwanan nan. Wane aiki? Murmushi kawai ya yi, ya ce, "Sirri ne, farin cikina."

Wata biyu aka yi lafiya lau. A na uku sai komai ya sauya a tare, mutum da kifi. Rahmadi ya rage zuwa. In ya zo, ga shi ya rame ya yi baƙi, tafin hannunsa duk kanta, magana biyu sai hamma. In ta matsa da tambaya ya ce ta yi haƙuri, har sau ɗaya ya ɗaga mata murya. Shi ma namijin kifin ya rikiɗe, ƙirji ya yi ja, ya tsiri tara kumfa a lungun akwatin, macen tana matsowa sai ya fatattake ta.

A nan Masniah ta shigo. 'Yar ƙanwar Abah ce, ta zo daga ƙauye koyon ɗinki tana zaune a gidansu, ɗakinsu ɗaya da Hairiyah. Duk ranar da Rahmadi zai zo, ita ce ta farko a gaban madubi, amma Hairiyah ba ta taɓa kawo komai a ranta ba.

Masniah ta leƙa akwatin ta yamutsa fuska. Ta ce wannan kumfar cuta ce, ita ke haukata kifin, a riƙa kwashewa kamar yadda ake kwashe ta saman romo. Da hannunta ta ɗauko ludayi a madafa ta miƙa mata.

Hairiyah ta kwashe. Washegari kumfa ta dawo, ta sake kwashewa. Kwana goma sha tara tana wannan aikin, kullum kifin ƙara zafi yake yi. Masniah kuma tana gefe tana zuba fetur, wai an ga Rahmadi a Alalak wajen masu katako yana kafa gida a bakin kogi, gidan wa? Wai namijin da ke jin daɗin kallon dabba tana cin zalin matarta, a bincike shi da kyau.

Masniah ba ta san komai game da mahaifin Rahmadi ba. Wannan Hairiyah ce kaɗai ta sani, shi ya faɗa mata wata rana a bakin ruwa yana share hawaye, ya ce babban tsoronsa a duniya kar ya gado shi. Ita ta haɗa wannan da wancan a cikin kanta, har tsoro ya zama fushi.

Bayan ranar bokiti bai zo ba, bai aiko ba. Abah har da yanka kaza. Hairiyah ta riƙa ce wa kanta ta tsira, amma abinci ya daina wuce mata.

Da damina ta kankama aka tura ta Nagara wajen Nini, kakarsu, ko canjin iska zai yi mata magani. Wata safiya suna cikin kwalekwale a fadamar shinkafa suna tsinkar ganyen miya, sai ta hango kumfa fara tas ta taru a gindin ciyawa. Hannu ya saba. Ta ɗaga filafili za ta watsa.

Nini ta make mata hannu.

"Ke, zaman birni ya cinye miki hankali? Gidan mutane za ki rushe?"

"Gida kuma, Nini?"

"Gidan sapat mana. Namijin ke gina shi da bakinsa, kumfa ɗaya bayan ɗaya, a nan za a zuba ƙwai. In kin ga ya yi duhu ya ƙi cin abinci, gini yake yi. Ko matar ba ya bari ta matso sai ya gama. A nan tana da ciyawar ɓuya, shi ya sa ba ya ji mata ciwo."

Hairiyah ta sauke filafilin. Ta tambaya, in aka rushe fa?

Nini ta ce ai sai ya sake daga farko, a rushe ya sake, har baƙin ciki ya sa ya huce a kan na kusa da shi. Ta ƙara da dariya, wannan ko yaron goye ya sani a Nagara, ta je ta tambayi Masniah, wadda tun tana tsirara take bin kumfar nan tana kama kifi.

Hairiyah ta kifa kai a gwiwa ta fashe da kuka, irin kukan da ba ya jin rarrashi. Tsohuwa ta rasa me ta faɗa da ya jawo wannan kuka.

Kwana biyu bayan haka ta sauka daga jirgin ruwa a Alalak. Ba ta sha wahalar neman gidan ba. Ƙarami ne a kan turaku, katakonsa bai gama dushewa ba, akwatunan gilashi a jere a baranda. Rahmadi yana tsugune yana sauya musu ruwa. Ya gan ta, ya miƙe, bai yi murmushi ba, bai kuma ɗaure fuska ba.

Ta ƙofar da ke buɗe tana hango madafa. An kafa kantar jera kwanuka ƙasa-ƙasa, daidai inda hannun gajeriyar mace irinta zai kai ba tare da ɗage ba.

"Ni ka gina wa?" ta ce.

"Naki ne da."

"Yaya Madi... me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Abah ya ce mai wasa da kifi ba zai iya kafa ko akurki ba. Na so in nuna masa, in kuma ga fuskarki ranar. Wautata ce wannan, na ɗauki laifina."

Sai ta zazzage masa komai, ludayin, da zancen Alalak, da abin da Nini ta ce. Ta roƙe shi don Allah don Annabi. Ta ce ko shekara nawa ne za ta jira, za ta durƙusa a gaban Mama a gaban duk unguwa.

Ya saurare ta har ta gama. Ya ce labarin Masniah ba sabo ba ne a wurinsa, sau uku tana zuwa da kwanon abinci yana mayar da ita da abinta. Ya ce unguwar ma babu sauran wanda za a durƙusa a gabansa, don Mama ta kasa fita ko bakin ruwa wanki, duk inda ta bi hannunta ake kallo, shi ya sa ya ɗauko ta ya dawo da ita nan.

"Na yafe miki, Hairiyah, tsakanina da Allah."

Hairiyah. Ba Ading ba. Ta ji sunan nata kamar mari.

"To in ka yafe..."

"Masniah ce ta ba ki ludayi, na yarda. Amma zancen Abana ba ita ta ba ki ba. Ni na ba ki."

Me za ta ce? Gaskiya ce tsagwaronta, kuma duk ruwan kogin nan ba zai wanke ta ba.

Daga can cikin ɗaki muryar tsohuwar ta taso, a sanyaye.

"Madi, da wa kake magana?"

Ya dubi Hairiyah, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Sannan ya juya wajen ƙofar.

"Baƙuwa ce, Mama. Yanzu za ta wuce."