Hannuwan da Suka Tura Motar Yari

Duk wanda ya san tashar motar garin Isa a shekarun baya ya san Yari. Shekara goma sha biyar yana jan motar wani zuwa Sakkwato, har furfura ta fito masa bai mallaki ko taya ɗaya ba. Abin ya ci masa rai. Wata Laraba da hantsi ya hau babur, ya wuce Tsamaye, ya shiga dajin da aka kwatanta masa wani boka yake zaune.

Bukkar bokan tana ƙarƙashin wata busasshiyar kuka da ko tsuntsu ba ya sauka a kanta. A ciki akwai ƙahonni naɗe da jan ƙyalle, da baƙar tukunya mai zufa kamar jikin mutum, da faifai cike da toka. Rana na dukan waje, amma sanyin ɗakin ya ratsa Yari har ƙashi.

"Mota kake so," in ji bokan, bai ko ɗaga kai ba.

"Motoci, ranka shi daɗe. Amma ni ba ni ba da jini. In shi kake nema, za ni koma inda na hito."

Bokan ya yi dariya. "Wa ya tambaye ka jini? Aza hannuwanka cikin wagga toka."

Yari ya aza. Tokar da ɗumi, kamar yanzu wani ya tashi daga kanta.

"Motar hwarko kada ka sai da ta. Wata rana za ta ƙi tashi. Kai ka zamna bisa sitiyari, wani jininka shi tura ta."

"Turi kaɗai?"

"Turi kaɗai. Wace mota ce ba a turawa?"

Kafin a yanke gero Yari ya sayi farar bas. Cikin shekara biyu motocinsa shida, ya gina gidan siminti a Bafarawa, ana ce masa Alhaji tun bai sauke farali ba.

Wata safiya ya murɗa makullin farar bas, shiru. Fitila na ci, oda na ƙara, rediyo na magana, inji ko tari bai yi ba. Ya kira Kamalu bakanike. Kamalu ya kankare kan batir, ya ɗora wani sabo, ya ƙwanƙwasa kik da sifana, ya duba fis, ya zare filogi, ya busa bututun mai.

"Alhaji, batir lahiya lau. Wuta na zuwa, mai na zuwa. Ko dai ka yi mata laihi ne take hushi?"

Mubashshir, ƙanen Yari, ya naɗe hannun riga. "Yaya, shiga in tura ka, fasinja na jira."

Taku uku ta tashi. Rana ta uku Mubashshir ya kwanta da ciwon hannu, ta bakwai aka kai shi makwancinsa. A bayan motar aka bar shatin tafukansa biyu, launin toka, wanda sabulu da fetur suka kasa gogewa. Yari ya gani. Ya sa aka manna takarda a kai.

Da shekara ta zagayo motar ta sake ƙi. Wannan karon bai ma kira Kamalu ba. Yana zaune a ciki gumi na keto masa, sai Hafizullahi, babban ɗansa mai shirin aure, ya leƙo ta taga.

"Baba, in tura?"

Yari ya buɗe baki zai ce a'a. Sai ya tuna shekarun da yake durƙusa wa mai mota kowace yamma. Ya taka kuloci, ya sa giya ta biyu.

Bayan sadakar ukun Hafizullahi, Ikilima matar Yari ta tsaya a bayan motar tana kallon sabon shatin. Ɗan ƙaramin yatsan dama a karkace yake, inda Hafizullahi ya karye yana yaro. Ba ta yi kuka ba. Daga ranar sai dai a gan ta ta dafa bangon ɗaki da tafukanta tana nishi, tana cewa a kama mata, ya kusa tashi.

Saura Radiyya, 'yarsa tilo, wadda ta zo goyon ciki. Naƙuda ta zo mata da gardama wata rana da azahar, jini ya ɓalle, ungozoma ta ce sai asibiti a Isa. Sauran motocin duk suna hanya. Aka kwantar da ita a farar bas. Yari ya murɗa makulli. Fitila ta kama, shiru.

Maƙwabta bakwai suka tura, ko motsi ba ta yi ba, kamar ta yi saiwa a ƙasa. Radiyya ta yunƙura daga kujera. "Baba, bari in sauka, nauyi na yi muku."

"Kada ƙahwarki ta taɓa ƙasa!" Ya juya ga Kamalu da ya iso a guje. "Zamna bisa sitiyari."

"Alhaji, mutum bakwai sun kasa."

"Na ce ka zamna."

Ya zagaya baya. A ƙarƙashin shatin ɗansa akwai wuri daidai tafukansa, da ɗumi. Ya aza. Taku uku ta tashi.

Radiyya ta rayu, ita da jaririnta. Sauran motocin suka bi juna, wata ta ƙone, wata ta faɗa gulbi. Yari kuwa mutuwa ba ta ɗauke shi ba. Yana nan a hanyar Isa, a duƙe, tafukansa a gaba, yana tura abin da ba mai gani.

Ni ma ina da samari masu son mota, kuma barci ba ya yi mini daɗi in na ji suna ƙorafin jan ta wani. Ku ji tsoron Allah, ku ci guminku. Wanda duk ya ce zai ba ku dukiya a kan turi kaɗai, ku tambaye shi hannun wa.